ISHIRINIYA, WAƘAR WATAN MAULIDI, DA BAKUNAN DA SUKA KAWO TA

Ya ku 'yan makaranta, ko wane biki yana da muryarsa. Ko an ɗaure wa mutum ido, in ya ji tambari da kakaki da haniniyar dawaki, ya san Sarki ya hau, yau Salla. In ya ji yara suna zaga gidaje da dare suna kiɗa gwangwani, ya san azumi ya kai goma, tashe ya fito. To, haka kuma nan Wudil, da an ga jinjirin watan Rabi'ul Awwal, in an idar da sallar lisha gari ya yi tsit, sai ka ji wata doguwar murya ta taso daga zauren malam, wani ya ja, saura su karɓa, iska ta kwashe ta har bakin kogi inda masunta ke gyaran koma. Ba sai an gaya wa kowa ba. Ishiriniya ke nan, watan haihuwar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kama.

Ran nan muna cikin aji muka tambayi yaranmu, muka ce, “Wa ya san Ishiriniya?” Sai hannuwa suka tashi kamar karan dawa. Muka ce, “Madalla. To, wa ya yi ta?” Sai aka yi shiru. Can wani ya ce wani malamin Kano ne. Wani ya ce a'a, alhazai suka zo da ita daga Makka. Wani kuwa ya rantse Shehu Ɗanfodiyo ne. Ba wanda ya dace. Ba mu ga laifinsu ba, gama mu ma da muna kamarsu haka mu ke zato. Abin da ka tashi ka tarar a gidanku, da wuya ka tambayi inda aka samo shi.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi sawun wannan waƙa tun daga tushe, mu ga shin wane ne mai ita.

Mutumin Ƙurɗuba

Ku ɗauko taswira, ku sa yatsa a kan Kano, ku yi ta tafiya arewa maso yamma. Ku ƙetare Hamada, ku wuce Maroko, ku haye ɗan siririn mashigin ruwan nan da ya raba Afirka da ƙasar Turai. Ƙasar da kuka sauka ita ce a ke kira Sifen yanzu. Larabawa kuwa Andalus su ke ce mata, sun kuma yi mulki a cikinta tun daga shekara ta 711. A can akwai wani birni Ƙurɗuba, wanda a zamaninsa ya yi suna wajen malamai da littattafai da wani ƙasaitaccen masallaci mai ginshiƙai ɗaruruwa.

A wannan birni aka haifi Abu Zaidu Abdurrahman Alfazazi. Sunan nan Alfazazi na asalin kakanninsa ne, mutanen Fazaz, wata ƙasar duwatsu a Maroko. Malami ne, mawaƙi, kuma gwanin alƙalami, har ya yi aikin magatakarda a fadar masu mulkin zamaninsa, watau daular Muwahhidai. A shekara ta 604 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1207 zuwa 1208, yana Ƙurɗuba, ya tsara waƙarsa ta yabon Annabi. Sunan da ya sa mata shi ne Alwasa'ilul Mutaƙabbala, amma jama'a ba su riƙe wannan dogon suna ba. Sai suka dubi ƙirarta suka raɗa mata nasu.

Ga yadda ƙirar ta ke. Ya ɗauki baƙaƙen Larabci, guda 29 in an haɗa da lam'alif, ya ba ko wane baƙi waƙa guda, ko wace waƙa kuwa baiti ashirin. Ashirin da Larabci ishirin ne, daga nan sunan Ishiriniya ya fito. Ku masu lissafi ku buga 29 sau 20, za ku sami baiti 580. Bai tsaya nan ba, sai ya ƙara wa kansa wani takunkumi: in yana cikin waƙar ba, ko wane baiti da ba zai fara, da ba kuma zai ƙare, in ya shiga ta mim, haka, har ya kai ƙarshen baƙaƙe. Duk wanda ya taɓa gwada tsara waƙa ya san akwai baƙaƙen da kalmominsu ke da yawa kamar yashin kogi, akwai kuma waɗanda sai an tona kafin a sami guda. Don haka sai ya zama dole ya shiga lungu-lungu na harshen Larabci yana zaƙulo kalmomin da ba kowa ya san su ba. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yanzu ku dubi abin da ya sami garin mawaƙin. Shekara huɗu bayan ya gama waƙar, a 1212, sarakunan Kirista na arewacin Sifen suka haɗa kai suka karya rundunar Muwahhidai a wani babban yaƙi. Daga nan daular ba ta sake miƙewa sosai ba. Alfazazi ya rasu a Maroko a 1230. A 1236 Ƙurɗuba ta faɗa hannun Sarki Fadinan na Uku, babban masallacin nan aka mai da shi majami'a. A 1492 Garnaɗa, birnin Musulmi na ƙarshe a Andalus, ita ma ta faɗi. Fadar da ya yi wa aiki ta rushe, wasiƙun sarauta da ya rubuta ba mai karanta su sai masu binciken tarihi. Amma waƙar da ya yi don Allah, ga ta nan bayan shekara fiye da 800, a bakin yaran Wudil waɗanda ba su taɓa jin sunan Ƙurɗuba ba. Ganuwa ta kan zube, baki kuwa ba ya zubewa muddin akwai mai karɓa.

Wanda ya ɗinka mata riga

Amma fa ku sani, abin da ku ke ji a zaure ba maganar Alfazazi kaɗai ba ce. Wani malami, Abubakar Ibnu Muhibu, ya zo ya yi mata abin da a ke kira tahamisi. Baitin Alfazazi ɗango biyu ne. Sai shi Ibnu Muhibu ya tsara ɗango uku nasa, ya ɗora a gaban ko wane baiti, ya zama ƙwar biyar. Aikin nan ya fi ƙarfin wasa, gama dole sababbin ɗangogin su bi karin tsofaffin, su bi ma'anarsu, su share musu hanya, har mai sauraro ya kasa gane inda bakin wannan ya tsaya na wancan ya fara. Kamar gwanin maɗinki ne da ya ƙara wa riga faɗi, ka duba ka rasa inda ya haɗa.

Bisa lissafi, waƙar da ta ke da ɗango 1,160 ta koma mai 2,900, kashi uku cikin biyar na abin da a ke rerawa na Ibnu Muhibu ne. Da wannan riga waƙar ta shigo ƙasashenmu, da ita kuma aka san ta. Kun ga tun ba a je ko ina ba, masu ita sun zama biyu.

Biki ya sami waƙa

Wani abin mamaki kuma shi ne, sa'ad da aka tsara Ishiriniya, bikin Maulidi bai kafu a yammacin ƙasashen Musulmi ba tukuna. A gabas ne ya ke da ƙarfi. Sarakunan Faɗimiyya na Masar sun yi shi a fadarsu, sa'an nan wani Sarkin Irbil, a ƙasar Iraƙi, mai suna Muzaffaruddin, ya mai da shi gagarumin taro, da yanka da sadaka da masu wa'azi. A Maroko kuwa wani malamin Sabta, Abul Abbas Al'azafi, wanda ya rasu a 1236, shi ya fara jan mutane gare shi. Sai a 1292 Sarkin Maroko Abu Yaƙubu Yusufu ya ba da umurni a riƙa yin bikin a ƙasarsa duka. Tsakanin tsara waƙar da wannan umurni shekara 84 ke nan. Watau dai waƙar ta riga bikin isa wurin, biki ya zo ya tarar da ita, ya ga ta yi masa daidai, ya ɗauka.

Malamai sun saɓa a kan hukuncin bikin Maulidi tun dā har yanzu, ko wane ɓangare da hujjojinsa. Wannan shari'a ba tamu ba ce a wannan shafi, mu tarihin waƙa mu ke bi.

Ƙetare Hamada

Littafi ba ya da ƙafa, sai an ɗauke shi. A zamanin dā ayarin raƙuma su ne jiragen ilmi. Su kan taso daga Maroko da Tarabulus da Masar da gishiri da tufafi da takarda, a cikin kayan kuwa ba a rasa gafakar malami. Hanya ɗaya ta kan sauka Tumbutu, wata ta bi ta Asben ta faɗo Katsina da Kano. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Shehu Magili kuma ya sauka zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ta irin waɗannan hanyoyi littattafan Magriba da na Andalus suka cika ƙasar Hausa.

Kafin ƙarshen ƙarni na 16 Ishiriniya ta riga ta zauna daram a kudancin Hamada. Shaidarmu ita ce, Ahmadu Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya ambaci wani malamin ƙasar Asben na zamaninsa, Annajibu ɗan Muhammadu, ya ce ya rubuta bayani a kan tahamisin Ibnu Muhibu. Ba a yi wa littafi sharhi sai masu karatunsa sun yi yawa.

Daga nan sai Katsina. Duk wanda ya san birnin Katsina ya san unguwar Masanawa, ya kuma ji sunan Wali Ɗanmasani, wanda a kan ambata tare da Wali Ɗanmarina. An haife shi a 1595, ya rasu a 1667. Ɗazu mun ce ku riƙe maganar kalmomi masu wuya. To, ga inda ta yi rana. Ɗanmasani ya ga mutane suna son waƙar, suna rera ta, amma kalmominta sun zame musu ƙulli. Sai ya zauna ya bi ta daki-daki yana warwarewa, ya gama littafinsa wajen shekara ta 1640, ya sa masa suna Annafhatul Anbariyya. Shekara fiye da 400 bayan mutumin Ƙurɗuba ya ƙulla, sai ga mutumin Katsina ya kwance. Daga baya aka taƙaita sharhin nasa, aka buga taƙaitaccen, ya shiga hannun malaman zaure ko ina. In kun ga malami yana fassara Ishiriniya da Hausa ba ya tuntuɓe, ku sani akwai gumin Ɗanmasani a cikin wannan sauƙi.

Bayan wannan sai ta zama ɗaya daga cikin matakan karatu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta labarin malaman da ya yi karatu a wurinsu. A ciki ya faɗa cewa yana ɗan shekara 13 aka bar shi a hannun wansa, cikin littattafan farko da ya karanta a gabansa kuwa har da Ishiriniya. Ku duba fa, ɗan shekara 13, tsaran waɗansunku. Ashe yaron nan na ajinmu da ya ce Shehu ne ya yi ta bai yi nisa ƙwarai da gaskiya ba: Shehu bai tsara ta ba, amma ya koyar da ita. Da ita almajirai su ke koyon kalmomin Larabci, da ita kunnensu ke sabawa da karin waƙa. Yawan waƙoƙin ƙwar biyar da malamanmu suka yi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba daga sama suka faɗo ba. Kunnen da ya tashi da tahamisi, in ya zo tsara tasa waƙa, nan zai nufa.

Me ya sa ta kama zuciya?

Waƙoƙin yabon Annabi ba su ƙidayuwa. Akwai Burda da Hamziyya na Busiri mutumin Masar, akwai Witiriyya, akwai waɗansu. Me ya sa wannan ta sami irin wannan gindin zama a wurinmu? Ga abin da mu ke gani.

Hausa tana da wata kalma mai kai biyu, watau bege. In mutum ya yi nisa da wanda ya ke ƙauna, zuciyarsa na kai da kawowa, mu kan ce yana bege. In kuma yana rera yabon Annabi, mu kan ce yana bege. Ba banza kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu ba. Alfazazi mutumin ƙarshen yamma ne, daga garinsu in ka ƙara gaba kaɗan sai teku. Madina kuwa tana can gabas, tafiyar watanni. Cikin waƙarsa, bayan ya yabi halayen Annabi, ya ambaci mu'ujizozinsa, sai ka ji ya komo kan kansa, yana kukan zunubansa, yana kukan nisan da ke tsakaninsa da Madina. To, wa ya fi kakanninmu sanin wannan ciwo? Kafin zuwan mota da jirgin sama, mai niyyar Hajji daga ƙasar Kano sallama ya kan yi da iyalinsa irin ta wanda ba ya tsammanin komowa. Ya bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, yana tafe yana noma ko ƙodago don guzuri, waɗansu su yi shekaru a hanya, waɗansu su zauna a Sudan har abada. Mafi yawan mutane kuwa ba su ko tashi ba. Shehu Usmanu da kansa, duk da waƙar begen Madina da ya tsara tun yana saurayi, Allah bai nufe shi da zuwa ba. Da mutanen da ke cikin wannan hali suka ji kukan mutumin Andalus, sai suka ji nasu ne. Mai nisa shi ya san maganar mai nisa.

Wannan ba halinmu ba ne mu kaɗai. Ku da ke makarantun Mishan kun san waƙoƙin Kirsimeti. A Amurka akwai wata da ta fi saura suna, White Christmas. Wanda ya tsara ta, Irving Berlin, Bayahude ne, ba ma mai bikin ba ne. Wanda ya rera ta kuwa, Bing Crosby, ya fara fitar da ita ta rediyo ran 25 ga Disamba, 1941, 'yan makonni bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauke ta a faifan garmaho a 1942. Ba wani dogon zance a cikinta, mutum ne kawai ya ke tuna yadda biki ya ke a gida. Amma samarin da aka kwasa zuwa yaƙi a ƙasashe masu nisa, irin yaƙin nan da ya kai namu samarin Bama, da suka ji ta sai hawaye. Suka yi ta roƙon a sake sa musu ita, har faifan ya zama cikin waɗanda aka fi saye a duniya.

A Masar kuma akwai waƙar daren Idi ta Ummu Kulsum. Ahmad Rami ya tsara kalmominta, Riyad Sunbaɗi ya sa mata kari, an kuwa shirya ta ne domin wani wasan majigi mai suna Dananir na 1940. A 1944 ta rera ta a daren Salla a gaban Sarki Faruƙu. An tuɓe Sarkin a 1952, ita ma ta rasu a 1975, amma muryarta ta zame wa Larabawa alamar cewa an ga wata.

Kun ga abu biyu a nan. Na fari, mai tsara waƙa dabam, mai kai ta cikin zukata dabam. Na biyu, ba mawaƙi ne ke naɗa waƙarsa sarautar biki ba, jama'a ke naɗa ta, in sun komo gare ta shekara bayan shekara.

To, wane ne namu mawaƙin?

In an ce Amurka suna da Crosby, Masar suna da Ummu Kulsum, wa ya yi wa Ishiriniya wannan aiki a ƙasar Hausa? Amsa ita ce, nata mawaƙin ba shi da faifai, ba shi da hoto. Tun shekaru ɗaruruwa kafin a ƙera garmaho ta riga ta gama ƙasa. Mai jan baƙi ne da ke zaune gefen malam a kan buzu. Almajiri ne da ya kwafe ta da tawada da alƙalamin kara a gaban fitilar aci-balbal. Tsohuwa ce da ke kaɗa auduga tana rera abin da ta tsinta ta bayan zana. Makaho ne da ke tafe da sanda, yaro na ja masa gora, ƙofa ƙofa, kasuwa kasuwa.

Kada ku raina makafin nan. A ƙasar da littafi ya ke da tsada, su ne ɗakunan ajiyar waƙa masu tafiya da ƙafa. Daga cikinsu Allah ya fitar da Malam Aliyu Namangi na Zariya, 1894 zuwa 1990, mai Imfiraji, wanda ya zuba bege da wa'azi cikin Hausa tsantsa, har aka buga waƙoƙinsa a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Shi an san sunansa. Amma kafin shi da bayansa akwai dubbai da suka ɗauki yabo a ka suka raba wa mutane, suka mutu ba wanda ya rubuta sunansu.

Mun san ɗaya daga cikinsu. Muna yara akwai wani tsoho makaho da kan zauna kusa da hanyar kara ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Shanu na kuka, dillalai na ciniki, motoci na ƙetare gada, shi kuwa yana nan yana jan Ishiriniya baƙi bayan baƙi, ba ya haɗa baitin wannan da na wancan. Bayan mun shiga makarantar horon malamai, kanmu ya ɗan kumbura, muka je muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, “Baba, duk abin nan da ka ke rerawa, ka san ma'anarsa kuwa?” Nufinmu mu kunyata shi.

Ya yi murmushi, ya ce, “Ɗana, wane baƙi ka ke so?”

Muka zaɓi wanda mu ke zaton ya fi wuya. Ya ja baiti guda, ya tsaya, ya fassara shi kalma kalma da Hausar da ba mu taɓa jin mai daɗinta ba, ya ja na biyu, ya fassara. Sa'an nan ya ce, “To, kai da ka ke da ido, karanta mini na ukun.” Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce, “Ba kome. Ni an ba ni a kunne, na riƙe. Kai an ba ka a takarda, ka ajiye.” Tun daga ran nan ba mu sake yi wa mai sanda kallon jahili ba. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya rage gare ku

Yanzu zamani ya sake. Rediyo ya zo, kaset ya zo ya wuce, ga lasifika a kan ko wane masallaci, ga waya a aljihun kowa. Wanda ya so jin Ishiriniya sai ya taɓa gilashi da yatsa, gwanin masu rerawa ya fito masa. Ba mu ce wannan mugun abu ba ne. Muryar da aka ɗauka ba ta mutuwa da mai ita, da akwai irin wannan na'ura a hannunmu a lokacin, da yau mun sa muku muryar tsohon nan kun ji. Har yanzu kuma watan yana da armashinsa: a Kano ran Takutaha, mako guda bayan Maulidi, jama'a su kan hau Dala, a Daura da Gumel a kan yi Sallar Gani da hawan dawaki.

Amma akwai abin tsoro. Waƙar nan ba ta ƙetare Hamada don an saurare ta ba, ta ƙetare don an ɗauke ta. Ko wane zamani ya sa mata hannu: wani ya tsara, wani ya yi tahamisi, wani ya yi sharhi, wani ya koyar, wani ya haddace. In aka zo kan zamanin da ba ya yin kome sai sauraro, to, sarƙa ta tsinke a nan, ko da lasifika ta fi ta dā ƙara. Rijiyar da ba a ɗiba ita ce ta kan ƙafe.

Don haka ga shawararmu, ba kuwa mai nauyi ba ce. In watan ya kama, ko wanenku da abin ya shafa ya zaɓi baƙi ɗaya, ko na farkon sunansa. Baiti ashirin ne kawai. Ya je wurin malamin unguwarsu da ladabi, ya ce, “Allah gafarta Malam, ina so a biya mini wannan.” Ya rubuta fassarar da hannunsa, da boko ko da ajami, ya kiyaye yadda malamin ya furta Hausarsa, gama a cikin fassarar zaure akwai tsofaffin kalmomin Hausa da ba ku samunsu a littafin aji. Yara 29 in sun raba baƙaƙe, aji ɗaya ya ɗauke Ishiriniya duka. Ku kuma da bikinku ya ke dabam, ku yi wa waƙoƙin naku bikin haka: ku tambayi wanda ya tsara, da wanda ya juya su zuwa harshenku, da bakin da kuka fara jinsu. Ilmin boko bai zo don ya raba ku da abin gidanku ba. Taswira da lissafi da tarihin da ku ke koya, da su ne yau muka gano Ƙurɗuba, muka ƙidaya baitoci, muka san tsakanin Alfazazi da Ɗanmasani.

Mun fara da tambaya, wane ne mai ita? Alfazazi ya haife ta, Ibnu Muhibu ya tufatar da ita, Ɗanmasani ya koya mata zama da mu, makafi da malaman zaure suka goya ta har ta iso. Mai ita a yau kuwa shi ne duk wanda ya buɗe baki ya karɓa, ya kuma san abin da ya ke faɗi. Kogin Wudil ba a nan ya faro ba, ba kuma a nan ya ƙare ba, ya wuce Haɗeja ya yi gaba. Amma muddin yana bi ta ƙofarmu namu ne, mu sha, mu bar shi ya wuce da tsabta ga na ƙasa da mu.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba ku ilmi mai amfani, ya maimaita mana. Amin.